Ƙugen Baba Ba Na Talla Ba Ne

A shekarar da aka haifi 'yata Bilkisu na ajiye wa kamfanin sabulu makullin motarsu a kan tebur, na fito na hau motar haya na dawo Kazaure. Ƙanena Habu ya ɗauki makullin. Daga ranar har damina ta zagayo ba mu yi magana ba. Abin da ya faru ke nan. Sauran abin da kuke ji a gidajen biki, wai Habu ya ci amanata ya ƙwace min aiki, ko wai ni na yi masa baƙin ciki, duk ƙarin gishiri ne na waɗanda ba sa wurin.

Ban yi boko ba, kun sani. Bilkisu ce ke rubuta wannan ina faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara min magana. Ɗana Aminu ne ya sa na zauna yi. Kwanakin baya ya same ni a ofis, ya ce yana so ya ɗauki ƙarar ƙugen nan da ke rataye a bayan kujerata, ya sa ta a farkon wani tallan taliya da zai saki a wayoyin mutane. Na ce a'a. Ya ce me ya sa. Na ce a'a kawai. Ya fita ransa a ɓace. Yana da gaskiya, tunda shi zan bar wa kamfaninmu na talla, bai kamata in bar masa doka babu dalili ba. To ga dalilin, ku ji shi gaba ɗayanku.

Kakanku, babana, sanƙiran Dagaci ne a ƙauyenmu da ke tsakanin Roni da Gwiwa. Shi ke shela. Idan Dagaci yana kiran jama'a, shi ne. Idan wani yana da biki, ko mai magani ya sauka a gari, ko mahauci ya yanka sa mai kitse, a zo a ba shi goro da ɗan abin da ya sawwaƙa, ya zagaya ya faɗa da bakinsa. Wannan sana'a ce, da ita muka ci muka sha. Amma yana da ƙuge na baƙin ƙarfe da yake bugawa da ƙaho, kuma akwai wani bugu da ba ya yin sa sai mutum ya ɓata. A hankali yake yin sa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ake jinya. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan a zamaninmu ya san shi. Da an ji shi a kasuwa, mai awo zai tsaya da kwano a hannu, mahauci ya ajiye wuƙa, mata su fara waige-waige suna laluben 'ya'yansu, 'yan koli su leƙa ƙarƙashin rumfa. Ba mai ciniki sai an ji wa ake nema, me ya sa, ina aka yi masa ganin ƙarshe. Idan an samu wanda ya ɓata, akwai wani bugun daban, mai sauri, shi ne na samuwa. Sai an ji shi kasuwa ke komawa harkarta. A kan waɗannan biyun Baba bai taɓa karɓar ko ɓarin goro ba. Wani attajiri ya taɓa biyo shi gida da buhun gero bayan an samo masa ɗansa. Baba ya sa aka mayar. Na ji abin da ya ce wa Inna a ranar:

"Ranar da aka fara biya a kan wannan, ranar zai daina aiki."

Baba ya rasu ina saurayi, Habu bai gama tasawa ba. Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, Babba take ce min. Na kwaso su muka dawo Kazaure. Na yi dako a tasha. Na yi kamasho. Na yi karen mota a hanyar Babura har bakin iyaka, inda ake ba mu sefa, kuɗin Nijar, mu rasa yadda za mu yi da ita. Wata rana babbar motar da nake bi ta faɗi da kayan gyaɗa, buhuna suka danne min ƙafa. Mai ɗori ya yi iya yinsa. Ɗingishin nan da kuke gani daga nan ne. Da na tashi daga jinya, ba dako, ba bin mota. Abin da ya rage min murya ce, irin ta Baba. Na sayi tsohon keke, na ɗaura masa batir da lasifika, na fara bin kasuwanni ina tallata wa tela ɗinkinsa, mai irin albasa irinsa, mai maganin awaki maganinsa. Habu yana biye da ni. Nan na gane Allah ya raba mana aiki. Ni murya gare ni, shi kai gare shi. Ni zan ce ga gishiri mai kyau. Shi zai zauna ya ƙaga wata magana a kan gishirin da za ta sa tsohuwa ta yi dariya har ta dafa bango, washegari ka ji yara suna maimaitawa a bakin rijiya.

Ba a daɗe da yanke Jigawa daga Kano ba wani kamfanin sabulu ya aiko wakilinsa, Malam Garba, yana neman masu talla a wannan yanki. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, ya mutu tuntuni. Malam Garba ya ji mu a kasuwa, ya kira mu Kano, ya ba mu a-kori-kura mai fentin ruwan ɗorawa da manyan lasifikoki a kai. Ranar da na shigo da ita unguwa, mahaifiyarku Dije tana da cikin Bilkisu, Aminu yana rarrafe. Ta leƙo ta soro ta ga mota, ta koma ciki ta saki guɗa.

"Malam, yau dai keken nan zai huta, ni ma kunnena zai huta da ƙarar cen ɗinsa."

Inna kuwa ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙugen Baba a naɗe cikin tsumma, ta miƙo min.

"Babba, kuna yawon kasuwanni. Wata rana wani zai zo muku da kuka. Ku sa shi a motar."

Muka sa shi a bayan kujera. Mun kuwa yi amfani da shi. A Yankwashi mun samo wa wata mata ɗanta a wurin masu rake. A Gwiwa wani kurma da ya rabu da 'yan uwansa. Ba mu karɓi komai ba.

Abin ya faru ne a kasuwar Kanya Babba. Ranar masu wasa da kura sun zo, sun kwashe jama'a kaf. Tun hantsi nake ihu a lasifika, ba wanda ya kalli motarmu. Malam Garba ya biyo mu ranar don ya ga yadda muke aiki, yana zaune a gaba yana fifita da hula, fuskarsa ba daɗi. Da aka kira azahar na ce bari in yi salla. Ina sallamewa na ji ƙuge. Bugun cigiya, a lasifika, ya cika kasuwa. Na fito takalmi a hannu ina jan ƙafa. Kasuwa ta tsaya cak. Masu kura ma sun daina kiɗa. Jama'a suna ta kwararowa wajen motarmu, ba mai magana. Habu yana tsaye a bayan mota, ya ɗaure fuska kamar wanda aka yi wa mutuwa.

"Jama'a, ana cigiya! Ana cigiyar wata baƙa mai suna Dauɗa! An yi mata ganin ƙarshe a wuyan rigar wancan bawan Allah mai jaki! Tun da sabulun nan ya shigo gari ba a sake ganin ta ba! Duk wanda ya gan ta a gidansa, ga maganinta a nan!"

Sai kasuwa ta fashe da dariya. Mai jakin ma yana dariya yana duba wuyan rigarsa. Kafin la'asar ba sauran sabulu a motar. Malam Garba yana ta dukan kafaɗar Habu. Gaskiya maganar tana da ban dariya, har yau in na tuna sai na murmusa. Amma ni daga baya na taho, na ga abin da su ba su gani ba. Wata Bafulatana mai nono ta aiki 'yarta ɗibar ruwa. Da ta ji ƙuge ta zabura da gudu, ta yi fatali da ƙwaryarta, nono ya malale a ƙasa. Na gan ta tsaye a gefen taro, ta riƙe wuyan hannun yarinyar gam. Ita ba ta yi dariya ba. Ta kalli motarmu, ta tofar da yawu, ta ja 'yarta suka tafi.

A hanyar dawowa na bari sai da muka sauke Malam Garba, sannan na tsayar da mota a gefen titi.

"Kada ka sake."

"Haba Yaya, wasa ne fa. Ba ka ga kowa dariya yake ba?"

"Ba kowa ba."

"Baba yana da rai da shi ma ya yi dariya."

"Baba yana da rai da ka sha ƙaho a ka."

"Yaya, zamani ya canza. Tun safe kana fasa maƙogwaro ko kare bai waigo ba. Ni na yi bugu kaɗan na tara maka Kanya Babba gaba ɗaya. Wa ya mutu?"

Na tayar da mota muka tafi. Ni ba mai yawan magana ba ne in ba a lasifika ba.

Satin ya zagayo aka kira mu Kano. Malam Garba ya ba mu lemo, ya ce manya sun ji labari, suna so a yi cigiyar Dauɗa a kowace kasuwa, daga Kazaure har Babura. Na ce ni ba zan yi ba. Na ce zan yi musu kowane irin talla, da kiɗa, da waƙa, da barkwanci, amma ban da bugun nan. Mutumin ba mugu ba ne. Ya lallashe ni. Ya ce ai ba ƙarya muke yi a kan sabulun ba, yana wanki. Na ce ba a kan sabulun ƙaryar take ba. Ya ce to shi ma aiko shi aka yi, mota ta mai yin aikin ce. Na ciro makulli na ajiye. Na miƙe ina jiran Habu ya miƙe. Bai miƙe ba. Yana kallon ƙasa ya ce:

"Yaya, na sa ranar aure. Ka sani."

Na sani. Na ce to ya ba ni ƙugen.

"Ni ma ɗansa ne."

Wannan ma gaskiya ne. Na fito.

Da na isa gida a ƙafa daga tasha, Dije ta kalli bayana ta ga ba mota. Na faɗa mata a taƙaice. Ta ajiye muciya.

"Malam, a kan ƙarfe? Ƙarfen da ko miya ba ya yi?"

"A kansa."

"To ka shiga ka faɗa wa wannan da ke cikina, ni na gaji da ji. Mutum da ƙafa ɗaya da rabi ya mayar da mota ya koma keke! Wallahi taurin kanka ya fi duwatsun garin nan."

Ta yi kwanaki ba ta yi min dariya ba. Amma da safiyar wata rana na ga ta jiƙa wake, ta kafa kasko a ƙofar gida, da tsohon ciki ta fara suyar ƙosai. Ku 'ya'yana ku riƙe wannan. Ni na yanke shawara, ita ta biya rabin kuɗinta da hayaƙi a ido.

Na koma kan keke. Shekarar ta yi tsawo. Ƙafata tana kumbura da yamma, Dije tana gasa min da ruwan zafi tana mita. A kasuwa sai in kafa kekena a gefe, motar Habu ta shigo da ƙara ta rufe muryata. Sunansa ya tafi ko'ina. Yara suna bin motar suna waƙar Dauɗa. Wasu masu talla suka ga abin yana ci, kowa ya samo tsohon bakin garma yana bugawa. Mai man shafawa yana cigiyar kaushi, mai maganin sauro yana cigiyar sauro. Tun ana zabura in an ji bugun, aka koma ana murmushi, har aka kai ba mai ɗaga kai. A tasha tsofaffin abokaina suna tsokanata:

"Sale Keke! Ina motar? Ko ita ma a yi cigiyarta?"

Da aka haifi Bilkisu, Habu ya aiko da rago. Na ce a mayar. Dije daga cikin ɗaki, tana jego, ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji:

"Ragon na 'yata ne, ba naka ba! Wanda ya kwance shi sai ya haɗu da ni!"

Da shi aka yi suna. Habu ya zo, ya zauna a can ƙarshen tabarma. Aka yi addu'a, ya tafi. Ban ce masa ci kanka ba, shi ma bai ce min ba.

Duk wannan lokaci Inna tana ruɗewa a hankali. Ta fara da manta inda ta ajiye carbi, ta koma tambayar ko Malam ya dawo daga shela, tana nufin Baba. Wani lokaci ta ce a haɗa mata kaya za ta koma gida, awakinta ba su sha ruwa ba, alhali rabonmu da ƙauyen an yi shekaru. Rigimarmu da Habu ba ta zauna mata a kai ba. Kullum sai ta tambaye ni:

"Babba, ina ƙaninka? Na ga kwano ɗaya aka kawo."

In ce yana wurin aiki.

Habu ya yi aurensa ya zauna a Roni. Da damina ta yi nisa matarsa ta zo da kanta ta roƙi Dije a ba su Inna ta ɗan kwana biyu a wurinsu. Ban hana ba, uwarsa ce.

Ranar kasuwar Roni ina can gefen kara, wurin masu dabbobi, ina tallan maganin tsutsar awaki. An kwana ana ruwa, ga wani hadarin yana haɗowa daga gabas. Wajen azahar na ji ƙuge a lasifikar motar Habu daga ɗaya gefen kasuwa. Bugun cigiya. Ya yi ta bugawa, ya fi na kullum daɗewa. Wani dillalin awaki kusa da ni ya ce yau kuma Dauɗar ta yi nisa. Aka yi dariya. Ni kaina ban waiga ba. Ɗan sanƙira, na ji bugun ubana na ci gaba da maganar tsutsa. Inda abin ya kai ke nan.

Can sai ga Habu a ƙafa, ba hula, rigarsa ta jiƙe da gumi, ƙuge a hannu. Ya tsaya a gaban kekena.

"Yaya. Inna."

"Me ya same ta?"

"Tun hantsi ba a gan ta ba. Ta ce wa matata za ta je ta ba awaki ruwa, ta ɗauka wasa ne. Na duba unguwa kaf. Na buga, Yaya, na faɗa, na rantse musu da Allah. Suna ta dariya. Wani cewa ya yi yau na fi kullum iya kukan ƙarya."

Na san inda ta nufa. Ƙauyenmu. Tsakanin Roni da hanyar ƙauyen akwai rafi, da rani yaro ma yana tsallake shi, amma ranar ya kawo ruwa, tun safe masu jakai suke cewa ba ya hayuwa. Hanyoyin da ke zuwa bakinsa kuma suna da yawa, duk cikin dawa da ta fi mutum tsawo. Mu biyu ba za mu iya ba. Sai da jama'a.

Na karɓi ƙugen da ƙahon. Na bar keke da lasifika a nan. Na shiga tsakiyar kasuwa a ƙafa, ina ɗingishi, ina bugawa a hankali yadda Baba ke yi. Ba wanda ya tsaya. Wata mai daddawa ta ce ashe gurgun ma ya shiga sabulu. Wani yaro ya biyo ni yana waƙar Dauɗa. Na ci gaba. Ban bari bugun ya yi sauri ba. Har na iso rumfar mahauta. Sarkin Pawa na lokacin tsoho ne, ya san Baba, sun yi zamani tare. Ya ɗago ya dube ni. Ya dubi ƙugen. Ya dubi Habu a bayana. Sai ya ajiye wuƙa a kan katako, ya miƙe tsaye.

"Kai! Ku yi shiru! Wannan Sale ne ɗan Sanƙira. Wannan shi ne ya mayar da mota a kan bugun nan. In kun ji shi a hannunsa, mutum ne ya ɓata. Ku ajiye wuƙaƙenku!"

Mahauta suka ajiye. Masu hatsi da ke kusa suka ga mahauta sun tsaya, suka tsaya. Shirun ya yi ta tafiya rumfa zuwa rumfa har na fara jin kukan awaki daga kara. Ban taɓa sanin mutane sun san dalilin da ya sa na koma keke ba. Ashe sun sani, dariya kawai suke yi min.

Na buɗe baki ba lasifika.

"Jama'a, ana cigiya. Tsohuwa ce, uwata. Doguwa, siririya, da shuɗin zane da farin mayafi. Ta ruɗe. Ba ta san inda take ba, za ta ce muku gida za ta. Mai yiwuwa ta nufi rafi. Don Allah."

Kasuwa ta watse. Masu babura suka bi manyan hanyoyi. Fulani da suka san burtali suka shiga daji. Mata suka bazu cikin unguwa suna leƙa gidaje. Mai daddawar nan da ta zage ni, na gan ta ta bar kayanta a buɗe tana gudu tana gyara ɗaurin zane. Ni da Habu muka bi wata siririyar hanya cikin dawa. Ban daina bugawa ba, don masu nema su san ba a samu ba tukuna. Iska ta taso, aka fara yayyafi. Muna jin ƙugin rafin tun kafin mu gan shi. Habu yana gaba yana kiran Inna, muryarsa ta dushe. Ni ƙafata ta ƙi, na tsaya a gindin wata tsamiya, na jingina, ina bugawa.

Sai dawa ta motsa a gefena. Ta fito. Taɓo har gwiwa, takalmi ɗaya, mayafi a hannu. Tana sauri irin na wanda aka kira aiki. Ta dube ni da ƙuge a hannu, ba ni ta gani ba, Baba ta gani.

"Malam, wa ya ɓata?"

Na sauke ƙahon. Sannan na ce:

"Wata tsohuwa ce."

"Allah sarki. Ta wane gida? Ina bakin rafi zan haye na ji bugu, na ce bari in zo a nema da ni. Ka sa a duba wajen ruwan nan, ya yi yawa yau, zai iya cin mutum."

Habu ya dawo da gudu, ya zube a gabanta cikin taɓo ya riƙe ƙafafunta. Ta dafa kansa tana mamaki.

"Kai kuma lafiya? Tashi, ana neman mutum kana kuka."

Na ce, "An same ta."

"Alhamdu lillahi. To ka buga na samuwa mana, bayin Allah su koma cinikinsu. Ka tsaya kana kallona."

Na miƙa wa Habu ƙugen da ƙahon. Ya dube ni. Na ce buga. Ya buga na samuwa, hawaye da ruwan sama suna zuba a fuskarsa. Daga cikin dawa, daga bakin rafi, daga can wajen duwatsu, muka ji ana amsawa da kabbara, mata suna guɗa. Ya goya Inna a baya muka koma gari.

A satin nan Habu ya kai wa Malam Garba makulli. Ban sa shi ba. Da safe na fito zan ɗaura batir, na same shi tsugune a ƙofar gida kusa da kaskon Dije, tana zuba masa ƙosai tana yi masa faɗa. Ya miƙe.

"Yaya, akwai wuri a keken?"

"Kai za ka tuƙa. Ƙafata ta gaji."

Daga wannan keken kamfanin da kuke gani ya tashi. Ba a dare ɗaya ba. Labarin Roni ya zagaya kasuwanni, masu buga bakin garma suka fara jin kunya, wasu kuma mahauta suka kore su. Masu kaya suka fara nemanmu, dillalan taki, masu injin ban ruwa, masu shelar rigakafi, don sun ga in muka faɗi abu ana tsayawa a ji. Muka sayi babur, muka sayi mota tamu ta kanmu, muka shiga allunan bakin titi da tallan rediyo. Duk wata magana ta kamfaninmu da kuka taɓa jin yara suna maimaitawa, daga kan baffanku Habu ta fito. Ba don shi ba da har yanzu ina ihun ga gishiri mai kyau. Don haka kada in ji wani cikinku ya ɗaga wa 'ya'yansa kai. Ya yi kuskure yana saurayi mai neman aure, ya biya a bakin rafi, an gama. Inna ta rasu bayan shekara a gidan nan, mu biyu muna zaune a gefenta, kwano ɗaya a gabanmu.

Aminu, ka yi tallan taliyarka da duk abin da ka ga dama. Je ka wurin baffanka, zai ba ka maganar da ta fi ƙuge. Amma dokar nan tana nan bayan raina. Duk motarmu da aka tare da cigiyar mutum, ta kashe talla ta yi cigiya, ko na wane ne tallan, kuma ba a karɓar komai.

Yanzu ina Kazaure, a gidan da kuka tashi. Muryar ta tafi, ƙafar ta ƙara lalacewa, adaidaita sahu ke kai ni ofis da hantsi ya dawo da ni bayan azahar. Habu yana zuwa ranar Juma'a mu ci tuwo, Dije tana yi mana faɗa mu biyu. Ƙugen yana bayan kujerata. Watan jiya wani mutumin Gwiwa ya shigo a rikice, jikarsa ta ɓace a tasha. Direba ya kai ni, na sauka na buga. Tasha ta tsaya.